Tambaya da Amsa: Kindle Ko Tab, Wanne Ya Fi Don Karatu?

Wasiƙu uku ne a wannan makon suka zo da tambaya iri ɗaya: wanne ya fi don karatu, Kindle, wato na'urar da aka ƙera musamman don karanta littafi, ko tab, wato ƙaramar kwamfuta mai kama da babbar waya? Shi ya sa na haɗa su wuri guda. Sai dai amsar da kowa zai samu daban ce, domin abin da kowannensu yake karantawa daban ne.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku a jami'a a Zariya. Yayana ya ce zai saya mini abin karatu, in zaɓa tsakanin Kindle da tab. Yawancin karatuna handawut ne da ake turowa a gurup ɗin WhatsApp na ajinmu, sai littattafan Hausa da nake karantawa da dare. Idona yana zafi in na daɗe a kan waya, kuma wuta ba ta zama a ɗakunanmu. Ƙawata ta ce Kindle ba ya cutar da ido. Me ka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya saka wa yayanki da alheri. Ki ce masa ya saya miki tab mai faɗin inci 10. Ni da nake faɗa miki haka Kindle ne a jakata, ina kuma sonsa ƙwarai, amma ba zan so ki kashe kuɗin yayanki a abin da zai ba ki wahala tun daga makon farko ba. Handawut ɗin nan da kika ambata shi ne ya yanke hukunci.

Fayil ɗin karatu iri biyu ne. Akwai wanda rubutunsa yake bin girman fuskar na'ura, irin EPUB: in kika ƙara girman haruffa, layuka su sake jeruwa da kansu, shafi ya ƙaru, babu abin da ya ɓace. Akwai kuma PDF, wanda shafinsa a daskare yake yadda aka tsara shi. Handawut ɗinku kusan duk PDF ne da aka tsara a kan takardar A4, wasu ma ba rubutu ba ne, hoton fotokwafi ne da wakilin aji ya ɗauka da waya. Takardar A4 daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɗan haura inci 14. Ƙaramin Kindle inci 6 ne, wani samfurin Kindle mai suna Paperwhite da ya fito a 2024 inci 7. Ke nan za a matse miki shafin ya koma ƙasa da rabinsa. Za ki ce ai sai ki zuƙo rubutun, to nan wahalar take, saboda fuskar Kindle ba ta da saurin motsi. Duk jan da kika yi da yatsa sai ta ɗan tsaya, ta yi ƙyaftawa, sannan ta nuna. Mai neman ma'anar wata kalma a shafi na 40 ana gobe jarrabawa ba shi da wannan haƙurin. Ga shi kuma yawancinsu baƙi da fari ne kawai, zanen da aka bambanta da ja da kore duk zai koma toka-toka.

Ƙawarki dai tana da gaskiya ta wani ɓangaren, kuma yana da kyau ki san dalili. Fuskar waya da ta tab fitila ce mai haskowa daga ciki zuwa idonki. Ta Kindle, wadda ake kira E Ink, cike take da ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da ƙurar launi baƙa da fara. In aka juya shafi, lantarki ya turo baƙaƙen sama a inda harafi zai fito, fararen su cike sauran wurin, daga nan su tsaya cik. Hasken ɗaki ko na rana ne yake sauka a kai ki gani, kamar dai takarda. Masu fitila a cikinsu ma daga gefe fitilar take haska shafin. Shi ya sa mutane da yawa suke jin ya fi musu sauƙi a ido, musamman a dogon zama.

Amma zafin idon da kike ji, galibi abubuwa uku ne ke kawo shi: ƙanƙantar rubutu a waya, ƙure haske a cikin ɗaki mai duhu, da raguwar ƙyafta ido in mutum ya ƙura wa fuska ido. Tab mai faɗi zai magance na farko kai tsaye. Sauran biyun a hannunki suke. Ki rage haske har ya yi daidai da na ɗakin, kada ki yi karatu a duhu ƙirin, kuma duk bayan minti 20 ki ɗaga kai ki kalli wani abu mai nisa na ɗan lokaci. In zafin bai daina ba, ko yana zuwa da ciwon kai, ki je a auna idon. Ɗalibai da yawa tabarau suke buƙata ba su sani ba, babu kuma na'urar da za ta maye gurbinsa. Karatun dare kuwa, wani bincike da aka yi a asibitin Brigham and Women's da ke Boston a Amurka, aka fitar a ƙarshen 2014, ya gwada mutum 12 da suka riƙa karatu a iPad na awa huɗu kafin kwanciya. Barci ya riƙa jinkirta musu da kusan minti 10 idan aka kwatanta da daren da suka karanta littafin takarda, kuma da safe sun fi jin kasala. Mutum 12 ba su da yawa, awa huɗu kuma ba kowa ke yi ba, amma ya isa ya sa ki ajiye tab ɗin kafin ki hau gado.

Littattafan Hausa ma tab ɗin suka fi dacewa da shi. Inda ake samunsu yau shi ne gurup-gurup na WhatsApp da Telegram, da manhajoji irin Wattpad da ArewaBooks, kuma ba a iya sa ko ɗaya daga cikin waɗannan a Kindle. A nan zan roƙe ki abu guda. In marubuciya ta ce littafinta na kuɗi ne, ki biya ta, kada ki karɓi wanda aka sato ana yaɗawa. OkadaBooks, da marubutanmu da dama suka riƙa sayar da littafi a kai, ta rufe a Nuwamban 2023, hanyoyin da suka rage musu kaɗan ne. Mata ne da yawansu, suna rubutu da babban yatsa a waya bayan yara sun yi barci, kuma ɗari biyar ɗin da kika tura ita ce take sa a ci gaba da rubutun.

Maganar wuta, tab zai kai ki yini guda ko biyu in karatu kawai kike yi kuma kin kashe data. Ki ce wa yayanki ya haɗa miki da fawa banki mai 20,000mAh. Kada ki karɓi tab mai ƙasa da 4GB na RAM da 64GB na ma'aji, domin manyan PDF suna sa ƙanana su riƙa maƙalewa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ma'aikacin jinya ne a wani ƙaramin asibitin ƙauye a Jihar Jigawa. Mukan yi mako ba mu ga wuta ba, sai cajin kuɗi a shago. Da ina karanta littattafan tarihi da labarai na Turanci da Hausa sosai, yanzu kuwa ko na buɗe littafi a waya, kafin shafi biyu na koma Facebook. Akwai amfani in sayi Kindle, ko ɓarnar kuɗi ce?

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa, Allah ya ba da ladan aikin da kuke yi. Kai kam saya. Irinka aka ƙera wa wannan na'ura.

Tunda ƙwayoyin nan da na yi wa ƙanwarmu bayani ba sa cin wuta sai lokacin juya shafi, batirin yana daɗewa sosai. Amazon, kamfanin da ya fara fitar da Kindle a Nuwamban 2007, yana cewa ƙaramin yana kai mako 6, Paperwhite kuma mako 12. Ka san dai lissafin nasu a kan karatun rabin awa ne a rana, da intanet a kashe. In ka buga, awa 21 ke nan da awa 42. Mai karatun awa biyu ko uku kullum zai samu mako ɗaya zuwa uku kafin ya nemi caji, kuma wannan ma babban abu ne a inda kake. Za ka iya zama a gindin bishiya da rana tsaka ka yi karatu, hasken rana ƙara masa kyau yake yi.

Abin da ya fi batirin muhimmanci a wurina shi ne abin da ka yi kuka da shi. Babu saƙon da zai faɗo maka a tsakiyar shafi, babu bidiyo, babu wanda zai kira. Ba raunin zuciyarka ba ne ya sa kake komawa Facebook, manhajojin nan da gangan aka tsara su don su riƙa janyo mutum. Na ga mutanen da suka yi shekaru ba su gama littafi ba suka dawo karatu saboda kawai abin da ke hannunsu bai iya komai ba sai nuna littafi, kuma hakan yana faranta mini rai duk lokacin da na gani.

Ga abin da ya kamata ka sani kafin ka biya. Sayen littafi daga shagon Amazon da dala ne, kuma katin naira ba kullum yake wucewa ba. Amma ba dole sai ka saya a can ba. Shafin intanet na Project Gutenberg yana da tsofaffin littattafai sama da 70,000 kyauta, mafi yawansu na Turanci, kuma halal ne ɗaukarsu domin haƙƙin mallakar mafi yawansu ya ƙare. Fayil ɗin EPUB ko na Word da kake da shi za ka iya tura shi ta hanyar Amazon mai suna Send to Kindle in ka kunna masa intanet daga wayarka, ko ka yi amfani da manhajar Calibre a kwamfuta, kyauta ce, ta juya maka shi ka zuba ta wayar caji. In ka samu Kobo, abin karatu irin Kindle na wani kamfanin Kanada da Rakuten ta Japan ta saya, shi kai tsaye yake karɓar EPUB. A rubutun Hausa, wani lokaci za ka ga ƙ da ɗ da ɓ sun fito daban da sauran haruffa ko sun zama akwati. Maganinsa ka sauke salon haruffa irin Charis SIL ko Gentium, ka sa a jakar da aka tanada don haruffa a cikin na'urar, ka zaɓe shi.

A farashin Amurka na 2024, ƙaramin kusan dala 110 ne, Paperwhite dala 160. Ba kayan da ake jibgewa ba ne a Farm Centre ta Kano, za ka fi samu a Banex ta Abuja ko Computer Village ta Ikeja, ko wajen masu sayarwa ta intanet, sau da yawa na hannu. Na hannun ba laifi, amma ka tabbata mai shi na farko ya cire asusunsa na Amazon, ka gwada shiga da naka a gaban mai sayarwa, ka buɗe farin shafi ka duba ko akwai layi ko tabon da ba ya gogewa. Ka saya masa riga mai murfi a ranar, domin gilashin da ke ƙarƙashin fuskar siriri ne, in ya tsage da wuya ka samu mai canza maka.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Daga Maraɗi nake rubutowa. Mahaifinmu malami ne, ya haura shekara 70, idonsa ya fara rauni, ƙananan rubutun littattafan Larabci suna ba shi wahala. Ƙanena da ke Faransa yana so ya aiko masa da Kindle. Zai yi masa?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana, ya yi muku albarka. Ku ce wa ƙanen naku ya aiko da tab babba, inci 11 ko fiye in da hali. Kindle yana karanta Larabci tun 2018, sai dai littattafan fiƙihu da tafsiri da malamanmu suka saba da su galibi hoton bugun Misira ko Beirut ne aka mayar PDF, ga matani a sama, ga sharhi a ƙasa, ga hashiya a gefe da rubutu ƙanana. Malam zai buƙaci ya buɗa yatsu biyu rubutu ya girma nan take, kuma tab ne yake yin haka ba tare da jinkiri ba. A kansa ne kuma za ku iya sa masa manhajar Shamila, mai dubban littattafai da ake binciken kalma a ciki, da mus'hafin ruwayar Warshu in shi ya saba da shi, da karatun tafsiri na sauraro ranar da idon ya gaji. Akwai manyan na'urori masu fuskar E Ink, irin Kindle Scribe mai inci 10.2 da Boox mai aiki da Android, amma kuɗinsu ya haura dala 300, kuma jinkirin zuƙowar yana nan.

Kada ku miƙa masa shi a kwali. Wani daga cikin jikoki ya zauna ya zuba littattafan da Malam ya fi buɗewa, ya sa musu suna da Larabci, ya kashe duk sanarwar da ke faɗowa, ya bar manhaja uku ko huɗu kawai a fuskar farko, ya kuma zauna da shi kwanakin farko har hannunsa ya saba. Ku haɗa masa da abin jingina tab ɗin a kan tabarma ko tebur, domin riƙe rabin kilo na awa guda yana gajiyar da hannun dattijo. Kafin duk wannan, ku kai shi likitan ido a duba ko yanar ido ce ta fara, tunda ita aiki ake yi a cire, gani ya dawo da izinin Allah.