Gidan abinci da zoɓon roba: wa ke da hurumin duba ki?

Tambaya: Ina da gidan abinci a Kano da ma'aikata biyar. An ce mini idan ba ni da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, za a rufe mini. Kuma ina so in fara ɗura zoɓo a robobi ina kaiwa shaguna. Ta ina zan fara kashe kuɗina?

Amsa: Hajiya, tuwo da miyar da kike zubawa a faranti ba sa buƙatar lambar NAFDAC. Waɗanda za su fi yawan shigo miki duba-gari ne, jami'an tsaftar muhalli na ƙaramar hukuma da na jiha. Su kuwa fentin gaban shago bai dame su ba, bayan shagon suke zarcewa: kwata, mazubin shara mai murfi, ruwan wanke kwanuka, tazarar banɗaki da murhu, da wurin wanke hannu mai sabulu. Can za ki fara zuba kuɗi.

Sai takardar gwajin lafiyar ma'aikata, wadda aka saba sabuntawa duk wata 6. Ana duba taifot, tarin fuka, ciwon hanta da bayan gida. Har yarinyar da ke wanke-wanke ki kai, don ita aka fi mantawa.

Firji ne ke kayar da mutane. Kada ma'aunin cikinsa ya haura digiri 5 na Celsius, abinci mai zafi kuma ya zauna sama da digiri 60. Dafaffiyar shinkafa da ta wuce awa 2 a buɗe ta fara tara ƙwayoyin cuta, ko da ba ta canja wari ba. Ɗanyen nama a ƙasa, dafaffe a sama, saboda jinin da ke ɗiga. Da irin ɗaukewar wutar nan, ƙaramin ma'aunin sanyi ya fi miki sabon allon talla amfani.

Zoɓo kam zancensa daban. Da zarar kin liƙa masa suna kin kai shaguna, ya shiga hannun NAFDAC. Sai kin yi rajistar sunan kasuwancinki a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kin ware ɗakin haɗawa, sun zo sun duba, sun gwada samfur, sannan lamba ta fito. Kada ki buga takardun liƙi kafin nan.

Duk wanda ya zo dubawa, ki nemi katin shaidarsa. In ya ga gyara, ya rubuta miki da wa'adi. Kowane kuɗi kuma a biya shi da rasit, ki adana a fayil ɗaya da takardun gwajin.