Ɗana, ga amsar tambayarka kan direban tsere da ƙungiyarsa

Saƙonka ya iso, da fatan kana lafiya, da karatu. Ka ce ka fara bin tseren motoci na Formula 1, kuma abu biyu sun ɗaure maka kai. Me ya sa masu sharhi ke ta surutu a kan ƙungiyar da direba zai koma, alhali shi ke riƙe da sitiyari? Wace irin al'ada ce kuma a kira mutum ta rediyo a ce ya kauce abokin aikinsa ya wuce? Tambayoyin nan biyu tushensu ɗaya.

A wannan gasa ba a sayen mota a kasuwa. Doka ta ce kowace ƙungiya ita za ta zana gangar motarta ta ƙera, inji da giya da wasu 'yan kayayyaki ne ake iya saye daga wani kamfanin. Mota biyu kowace ƙungiya take sakawa, ka ga ko da ƙungiya ta fi kowa, kujera biyu ce gare ta. Tsere ɗaya kimanin kilomita 305 ne, zagaye hamsin zuwa saba'in a yawancin filaye. Idan motarka ta gaza ta wani da daƙiƙa ɗaya a kowane zagaye, kafin a tashi ya ba ka tazarar minti guda. Tsakanin gwanin direba da gwani kuwa, bambancin bai cika wuce kashi biyu ko uku cikin goma na daƙiƙa ba. Hannu ba ya cike gurbin da mota ta bari.

Dubi George Russell a Disambar 2020. Yana Williams, wadda ta ƙare shekarar ba maki ko ɗaya. Lewis Hamilton ya kamu da korona, sai Mercedes ta ari Russell don tseren Sakhir a Bahrain. Ya tashi daga gurbi na biyu, ya daɗe yana jan ragamar tseren, sai da makanikai suka cakuɗa masa tayoyi, daga baya kuma taya ta yi faci, sannan ya ƙare na tara. Yaron da ke can baya a makon da ya gabata, shi ne dai wannan. Haka Jenson Button: maki 3 ya samu a 2008 da motar Honda. Honda ta janye, shugaban ƙungiyar Ross Brawn ya karɓe ta, aka sa injin Mercedes, aka kuma gano wata dabara a ƙarƙashin bayan motar da ke sa iska ta ƙara danne ta a ƙasa. Button ya ci shida cikin tsere bakwai na farko a 2009, ya ɗauki kambu.

To, wahalar ita ce direba ba ya sa hannu a kan motar da yake gani. Ana ƙulla kwantiragi wata shida, wani lokaci shekara guda, kafin motar ta taka kwalta. Cinikin biri a sama ne. Mai hankali ba sakamakon bana yake dubawa ba, masana'anta yake leƙawa: wa ke zana motar, wa ke ƙera injin, nawa masu kamfanin suka yarda su zuba, kuma yaushe za a sauya dokoki. Na ƙarshen nan ya fi sauran nauyi, domin duk lokacin da FIA, hukumar da ke kula da gasar, ta sauya dokar inji ko ta siffar mota, aikin shekaru yana rushewa, kowa ya koma farko, wanda ya riga fara shiri shi ke cin moriyar shekaru uku ko huɗu.

Nan Hamilton ya yi abin da har yau ake misali da shi. A Satumbar 2012 aka sanar zai bar McLaren, wadda ta rene shi tun yana yaro, ya ci kambu da ita a 2008, ya koma Mercedes. A shekarar McLaren ta ci tsere bakwai, Mercedes ɗaya tak, ta ƙare ta biyar. Mutane da yawa suka ce kuɗi ya bi. Amma Niki Lauda da Ross Brawn, shugabannin Mercedes a lokacin, sun nuna masa abin da ke tafe: daga 2014 za a koma ƙaramin inji mai silinda shida, lita 1.6, mai turbo da taimakon lantarki, kuma Mercedes ita ke ƙera injinta da gangarta tare. Injiniyoyinta suka raba turbon biyu, ɓangaren da ke zuƙo iska a gaban inji, ɓangaren da hayaƙi mai zafi ke juyawa a baya, sanda ɗaya ta haɗa su. Iska ta riƙa shiga da sanyi, na'urar sanyayawa ta ƙanƙance, gangar mota ta tsuke. A 2014 suka ci tsere 16 cikin 19. Hamilton ya ƙara kambu shida a can. McLaren kuwa, daga tseren Birazil na 2012 ba ta sake cin ko ɗaya ba sai a Monza a 2021.

Fernando Alonso shi ne ke ba ni tausayi a wannan babi, domin a ganina ba a yi direbobi da yawa da suka fi shi iya matse mota ba. Ya ci 2005 da 2006 da Renault. Ya koma McLaren a 2007, zama bai yi daɗi ba, ya fice bayan shekara ɗaya, shekarar da ta biyo motar ta ci kambu a hannun Hamilton. Ya yi shekara biyar a Ferrari, maki 4 suka raba shi da kambu a 2010, maki 3 a 2012, duk a bayan Sebastian Vettel na Red Bull. Sai ya sake komawa McLaren a 2015 saboda Honda ta dawo da injinta. A takarda lissafin daidai ne: a tunanin lokacin, ba za ka doke Mercedes da injin da ita ta sayar maka ba. Abin da ya lalace shi ne Honda ta shigo a makare, an matse injin cikin ƙaramar ganga har zafi ya riƙa kashe shi, dokar lokacin kuma ta taƙaita gyaran da za a yi wa inji a cikin shekara. Alonso ya ƙare 2015 da maki 11.

Akwai waɗanda zumunci ko manyan alkawura suka ja. Emerson Fittipaldi, zakaran 1972 da 1974, ya bar McLaren ya koma ƙungiyar ɗan'uwansa a 1976. Bai sake cin tsere a gasar ba, James Hunt da ya hau kujerarsa ya ɗauki kambu a shekarar. Jacques Villeneuve, zakaran 1997, ya koma sabuwar ƙungiyar BAR a 1999, ya tashi ba maki. Michael Schumacher ma raunanniyar Ferrari ya je a 1996, rabonta da kambun direbobi tun 1979, amma shi bai zauna shi kaɗai ba. Brawn da mai zane Rory Byrne sun biyo shi daga Benetton, Jean Todt yana shugabanta, suka yi haƙurin shekara huɗu, sannan suka ci biyar a jere daga 2000 zuwa 2004.

Yanzu tambayarka ta biyu. Kambu biyu ake nema a kowace shekara, na direba da na ƙungiya, kuma kuɗin da ake rabawa matsayin ƙungiya yake bi. Direba ma'aikaci ne, ɗaruruwan mutane ke tsaye a bayan motarsa. Na ɗaya yana samun maki 25, na biyu 18, saboda haka sauya wuri tsakanin abokan aiki ba ya rage wa ƙungiya komai, amma yana ƙara wa mai neman kambu maki 7. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. A 2007 Alonso da Hamilton suka riƙa cin makin juna, kowa ya ƙare da 109, Kimi Räikkönen na Ferrari ya wuce da 110. A 1986 ma haka Nigel Mansell da Nelson Piquet suka yi a Williams, Alain Prost ya kwashe.

Inda al'adar ta ɓaci shi ne a yi ta ba dalili. A Ostiriya a 2002, tsere na shida kacal a shekarar, Schumacher yana gaba da maki mai yawa, Ferrari ta sa abokin aikinsa Rubens Barrichello ya sassauta daf da layin ƙarshe don ya wuce. 'Yan kallo suka yi ta ihun ƙyama, aka haramta umarnin. Ƙungiyoyi suka koma yinsa da zaurance, kamar yadda aka yi wa Felipe Massa a Jamus a 2010, har aka ci tarar Ferrari dala 100,000. Daga 2011 aka ɗage haramcin, domin ba a iya tsare shi. Ni ina ganin halal ne a ƙarshen shekara idan ɗaya ba shi da sauran dama, amma a farkon shekara yana karya zuciyar direba.

Shi ya sa abin da ake rubutawa a kwantiragi ya wuce albashi. Idan sabon fiffike, wato ɓangaren da ke sa iska ta danne mota a ƙasa, ɗaya ne ya fito daga masana'anta, wa za a fara sa wa? Wa za a fara kira canjin taya, tunda wanda ya riga samun sabuwar taya yakan sha gaban ɗan'uwansa? Akwai sharaɗin ficewa idan ƙungiya ta faɗi ƙasa da wani matsayi? Kuma sai an tabbatar an sa hannu: a 2022 Alpine ta sanar da Oscar Piastri a matsayin direbanta, ya musanta, kwamitin tantance kwantiragi ya ba McLaren gaskiya.

Tun 2021 an sa iyakar kashe kuɗi, an fara da dala miliyan 145 a shekara ban da albashin direbobi, kuma ƙungiyar da ta zo ƙarshe ta fi zakara samun lokacin gwada yadda iska ke bin jikin mota. Wannan ya rage tazara, har McLaren ta ci kambun ƙungiyoyi a 2024 da injin da take saye daga Mercedes. Idan kana son auna direba, kwatanta shi da abokin aikinsa a gwajin neman gurbin tashi, su kaɗai ke tuƙa mota iri ɗaya. Idan kuma kana son fahimtar komawar Hamilton Ferrari a 2025, ko zaman Alonso a Aston Martin inda mai zane Adrian Newey ya koma kuma Honda ta ƙulla ba su inji, dubi sauyin dokokin 2026, a kansa suka yi lissafi.

Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.