Zuciya ce ta kumbura, ko tsayuwar ce ba daidai ba?

Ƙanena, ka ce likita yana yawan dawo maka da radiyon ƙirji, wato hoton cikin ƙirji da kake ɗauka da na'ura, wai zuciya ta fito da girma, kuma kana tambayar yadda za ka yi da tsohon da ba ya iya tsayuwa. Matsalar biyu tushensu ɗaya.

Zuciya a gaban ƙirji take. In mutum ya tsaya ya manna ƙirjinsa da kaset, wato faifan da hoton ke sauka a kai, na'ura tana bayansa da tazarar santimita 180, inuwarta takan fito kusan girmanta na gaskiya. In ko ka kwantar da shi rigingine, kaset a ƙarƙashin baya, na'ura a mita ɗaya, zuciya ta yi nisa da kaset, sai inuwar ta buɗe, kamar hannun da aka matso da shi kusa da fitila. Ma'aunin nan na cewa faɗin zuciya kada ya wuce rabin faɗin ƙirji, na hoton tsaye ne kawai.

Sai numfashi. Wanda bai cika huhu da iska ba, zuciyarsa kwanciya take yi ta yi faɗi. Ƙirga haƙarƙarin baya: tara zuwa goma ake so a gani. Mutumin da ya taso daga ƙauyen Dakoro ko Madarunfa, bai taɓa shiga ɗakin nan ba, tsawa daga bayan gilashi ba ta wadatar da shi. Gwada masa da jikinka tukuna: "Baba, ja numfashi, saki, sake ja, riƙe." A ja na biyu za ka ɗauka.

Haɓa sama, bayan hannuwa a kan ƙugu, kafaɗu a turo gaba don allon kafaɗa ya fita daga huhu. Ka saita hasken na'ura daidai ƙasan allon kafaɗa. In ƙasusuwan wuya biyu na gaba ba su yi nisa ɗaya da ƙashin baya ba, ya karkace, sake.

Laya, guru, sarƙa, allurar hijabi, duk a cire. Laya kam sai da lallashi. Ka ba shi ya riƙe ta a hannu, hankalinsa ya fi kwanciya. Mace kuma a tambaye ta batun ciki a asirce, ba gaban uwar miji ba.

Tsohon da ya kasa tsayuwa, zaunar da shi a miƙe iyakar iyawarsa, kaset a baya, ka nisantar da na'ura gwargwadon ɗakin. Kwanciya ita ce zaɓin ƙarshe, don ruwan da ya taru a gefen huhu shimfiɗewa yake yi, sai ɓangaren ya yi hazo kawai. In ruwa ake zargi, kwantar da shi kan gefen mai ciwon na minti biyar, haske ya ratsa a kwance; in iska ce ake zargin ta taru a gefen huhu, gefen mai ciwon ya koma sama.

Kowace tsayuwa ka yi amfani da ita, rubuta a jikin hoton: daga baya ko daga gaba aka ɗauka, a tsaye, a zaune ko a kwance, tazara kaza.