Dalmar fetur tana bin 'ya'ya?

Malama kin tambaya wai tunda an daina zuba dalma a fetur, wanda ya shaƙi hayaƙin yana yaro zai iya gadar wa 'ya'yansa? Eh, musamman ta wajen uwa. Dalmar nan ba fita take duka ba, jiki yana ɗaukarta kamar kalsiyam (sinadarin da ke gina ƙashi) sai ya adana ta a ƙashi shekaru aru-aru, to in mace ta samu juna biyu ƙashi ya fara sakin kalsiyam don jariri sai dalmar ta biyo, ta ratsa mabiyiya har ƙwaƙwalwar yaro. Tun 1923 fa aka fara zuba ta a fetur, abin takaici sai 2021 Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta daina. Ido baya gani, gwajin jini ne ke nunawa, ki nemi likita ya duba ki.