Tambayi Bakanike: Kulocin Hilux ɗina ya zube ƙasa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya zafi. Ina da tsohuwar Hilux da ni ka ɗaukar albasa da ita daga Aliero zuwa Jega da Birnin Kebbi, sati biyu ke nan kulocinta na ba ni wahala, da safe in na taka sai in ji laushi kamar soso, sai na buga sau huɗu sau biyar kafin giya ta shiga, ribas kuwa sai ta yi garrr. Ran nan bisa hanya feda ta zube ƙasa ta ƙi tasowa, na duba kofin man kuloci ba mai ko ɗigo, kuma ban da man birki sai na zuba jan mai na sitiyari don in samu in kai gida. Wani bakanike ya ce sai an sauke giyabos an canza fulet, kuɗin da ya faɗi ban da su yanzu. Ina iya gyara wanga abu da kaina gida? (Mai karatu daga Aliero)

AMSA: Wa alaikumus salam. Toh Malam, kar ka yarda a sauke giyabos ɗin nan tukuna. Fulet, wato faifan kuloci da ke tsakanin inji da giyabos, in ya cinye ba haka yake yi ba, shi ka taka totur inji ya yi ta kuka mota ba ta ja, balle da lodi a kan tudu, har ka ji ƙauri. Naka matsalar mai ce da iska. In ka taka feda, kulocin sama da ke gaban direba shi ke tura mai ta bututu zuwa kulocin ƙasa da ke jikin giyabos, shi kuma ya tura ƙarfen da ke raba fulet da inji. Mai ba ya matsuwa amma iska tana matsuwa, shi ya sa da ta shiga sai ka ji soso.

Kuma man kuloci ba ya ƙonewa irin na inji, in ya ragu to wani wuri yake bi. Ɗauki tocila ka leƙa ƙarƙashin sitiyari inda sandar feda ta shige, in ka ga kafet ya jiƙe ko fenti ya kwaile, na sama ne ke yoyo. Sannan ka kwanta ƙarƙashin mota ka janye baƙar robar da ke bakin na ƙasa da yatsa, in mai ya tsiyayo maka a hannu ka kama ɓarawon.

Sai dai gaskiya jan man nan da ka zuba ya ƙara maka aiki, ban ga laifinka ba don mutum a daji da lodin albasa ba abin da ba zai yi ba, amma robobin da ke ciki ba sa shiri da shi sam, kumbura suke su yi laushi, ko yau ta yi aiki gobe za ta sake ajiye ka. Don haka sama da ƙasa duka za ka taɓa, har da guntun tiyon roba da ke tsakani, bututun ƙarfen kuma ka wanke shi da sabon man birki. In kit, wato robobin ciki na canji, za ka saya don sauƙi, fara zura yatsa cikin silindar, in ka ji kaushi ko ramuka na tsatsa to kit asarar kuɗi ne, sayi cikakke kawai. Kuma don Allah ban da wanki da fetur ko kananzir, na san a gareji da yawa haka ake yi amma shi ma kashe roba yake.

Mai kuwa duba murfin kofin, za ka ga DOT 3 ko DOT 4, wato nau'in man birkin da kuloci ke amfani da shi, shi za ka saya a rufe da hatiminsa, ba na tsiyaye ba, domin man birki yana shan danshin iska in an bar shi buɗe. DOT 5 daban ne, ba a haɗa su.

Yanzu bilidin, wato fitar da iskar da ta shiga, nan ne mutane ke kasawa. Mota a kashe, inji ya huce, ja hambirki, sa duwatsu a taya, Hilux tana da tsayi ba sai ka ɗaga ta da jak ba. Sa ƙanenka ko yaronka ya zauna a kujera. Cika kofi, sa siririn tiyo mai garai-garai a kan nonon da ke jikin kulocin ƙasa, wato ɗan kusurwar da ake fitar da iska ta cikinsa, ɗaya bakin a gorar roba mai ɗan man birki a ciki. Ka ce masa buga, ya buga sau uku ya danne ya riƙe, kai kuma ka sassauta nonon kaɗan da sifana, yawanci 8 ko 10, za ka ga kumfa na gudu a tiyo, ka ɗaure, sai bayan ka ɗaure za ka ce saki. In ya saki nono na buɗe ya sake zuƙo iska, kun koma farko. In feda ta ƙi tasowa ya jawo ta da hannu, ba komai. Ku yi ta yi har mai ya fito tas ba kumfa, kana leƙa kofi kar ya yi ƙasa da rabi. Nonon nan in ya yi tsatsa kar ka yi masa ƙarfi, ni kaina na taɓa karya ɗaya ana gab da magariba, dole washegari na sayi sabon kulocin ƙasa sukutum saboda ɗan abin da bai kai yatsa ba. In mai ya zuba a fenti ka wanke da ruwa nan take, kuma ka kiyaye idonka.

TAMBAYA: Malam tawa Ford Focus ce, mai na ɗiga daidai mahaɗar inji da giyabos kuma na nemi kulocin ƙasa ban gan shi ba. (Mai karatu daga Zuru)

AMSA: Ba za ki gan shi ba Hajiya, a irin wannan motar yana can ciki ne, sai an sauke giyabos, wannan kam ba aikin ƙofar gida ba ne. Kuma a duba da wuri don kofinta ɗaya ne da na birki. In an sauke ki ce a nuna miki fulet ɗin, in mai ya jiƙa shi a canza su lokaci guda kar ki biya kuɗin saukewa sau biyu.