Dalilin da alƙalan wasan hoki ba sa raba faɗa nan take

Ka tambaya me ya sa a tsofaffin wasannin hoki na ƙanƙara na gasar NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, ake ganin 'yan wasa biyu na dambe alƙalai sun zuba ido. Amsar ita ce faɗan laifi ne, amma hukuncinsa zaman minti 5 ne a benci, ba kora ba. Shi ya sa ƙungiyoyi suka riƙa ɗaukar ƙato musamman don wannan aiki, ya tsare wa gwaninsu baya. Dave Semenko ya yi wa shahararren gwani Wayne Gretzky wannan gadi a ƙungiyar Edmonton, kuma da aka sayar da Gretzky ga Los Angeles Kings a 1988, tare da wani mai tsare masa baya, Marty McSorley, ya tafi. Dave Schultz, ƙaton ƙungiyar Philadelphia kuwa, minti 472 na hukunci ya tara a kakar 1974-75 kaɗai.

Amma akwai sharaɗi, na lura da shi a bidiyoyin da na sha kallo. Sai dukansu sun yar da sanda da safar hannu, kowa ya cafke rigar ɗan'uwansa da hannu ɗaya don kada santsi ya kwashe shi, ɗaya hannun yana aiki. Da zarar wani ya faɗi, alƙalai sun shiga tsakani. Ni dai sha'awar abin ta ragu a wurina tun da Derek Boogaard, ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙattan, ya rasu a 2011 yana ɗan shekara 28, likitoci suka tarar ƙwaƙwalwarsa ta lalace saboda yawan bugu a ka.