Mulki ne ko Sarauta? Amsa ga Malama daga Sabon Gari

Wata malamar makarantar Lahadi daga Sabon Gari, nan Kano, ta aiko da tambaya. Ta ce yaran ajinta sun tsare ta: me ya sa Littafi Mai Tsarki yake cewa "Mulkin Allah", bai ce "Masarautar Allah" ba? Kuma shi "Mulkin Sama" da ke cikin Matiyu, Aljanna ake nufi?

Malama, sannu da ƙoƙari, yaranki sun iya tambaya. Mu fara daga Ƙofar Kudu. Wanda ya tsaya nan yana kallon Gidan Rumfa, abubuwa uku ne a gabansa, kowanne da sunansa. Sarauta ita ce muƙamin, ita ake naɗawa da rawani. Masarauta wuri ce, domin wannan "ma-" ɗin shi ne na makaranta da mahauta da masallaci. Tana da iyaka, ana shiga ana fita. Mulki kuwa, wanda muka aro daga Larabci, aiki ne, yin sa ake yi. Shi ya sa muke cewa mulkin soja, mulkin mallaka, ba wanda zai tambaye ki a wace unguwa suke. Mutum kan riƙe sarauta alhali mulkin yana hannun wani.

Kalmar Girkanci ta asali, "basileya", tana iya ɗaukar wuri, amma a bakin Yesu ta fi karkata ga zartar da iko. A ganina masu fassara sun dace tun fitowar cikakken Littafin da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi fice a kansa. Gwada addu'ar Matiyu 6:10 ki ji: "Mulkinka ya zo." Sa "masarauta" a gurbin, kunnen Bahaushe zai ƙi, don ƙasa ba ta tasowa ta zo. A Yahaya 18:36 ma, da Yesu ya gaya wa Bilatus, gwamnan Romawa, cewa mulkinsa ba na duniyar nan ba ne, malaman Kirista da yawa sun fahimci tushen ikon yake nufi, wato ba daga takobi ya samo shi ba.

Batun "Sama" ya fi sauƙi ga wanda ya tashi cikin alkunya. Bakano yakan ce "daga fada aka aiko", kowa ya san Sarki ake nufi. Yawancin masana sun ce haka Matiyu ya yi, ya bi al'adar Yahudawa ta sakaya sunan Allah saboda girmamawa. Ya faɗi "Mulkin Sama" sau talatin da ɗoriya, Markus da Luka kuwa "Mulkin Allah" suke cewa a labaran iri ɗaya. Ki buɗe wa yaran Matiyu 19:23 da 24, wurin raƙumi da kafar allura: aya ta farko Sama, ta biyu Allah, magana ɗaya. Saboda haka fassara shi da Aljanna kaɗai ta ƙuntata shi.

Inda aka fi jan zance shi ne Luka 17:21, wurin da Yesu ya faɗi inda Mulkin Allah yake. Kalmar da ke wurin tana iya zama "a cikinku", tana iya zama "a tsakaninku". Masu ta farko sun ce mulkin a zuciya yake. Masu ta biyu sun ce da Farisiyawa, wata ƙungiyar addinin Yahudawa, Yesu yake magana, kuma shi kansa yana tsaye a tsakiyarsu. Ni ta biyun ta fi kwanta mini. Akasarin masu tafsirin Kirista a yau suna cewa mulkin ya fara amma bai cika ba, kamar manomin Markus 4 da ya yi shuka, yana barci yana tashi, iri na tsirowa bai san ta yaya ba, girbi na gaba.

Wani kuma daga Fagge ya tambayi ma'anar "Sarautar Allah, kare a bakin zomo". Ana faɗar ta idan al'amari ya juye, mai rauni ya kayar da mai ƙarfi. A nan Bahaushe ya ari "sarauta" da ma'anar iko, shi ya sa za ka ji wasu na cewa "Ikon Allah, kare a bakin zomo", duk daidai ne.